Dutsen Auduga da Gajimaren Fenti

A shekarar 1958 Alfred Hitchcock ya ƙudura cewa fim ɗinsa na gaba zai ƙare ne da guje-guje a kan Dutsen Rushmore, dutsen nan na jihar Dakota ta Kudu da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikinsa. So yake 'yan kallo su ga Cary Grant da Eva Marie Saint suna rarrafe a tsakanin kumatun shugabannin, miyagu na biye da su, ƙarƙashinsu kuma rami ne gaba dubu. Hukumar da ke kula da wurin ta kafe cewa ba za a yi dambe da kisa a kan fuskar shugabannin ƙasa ba. Sai Hitchcock ya koma Culver City, harabar kamfanin MGM, ya sa aka kawo masa dutsen har gida. Kafintoci da magina suka gina ɓangarorin da jarumai za su taka su kama, abin da ke bayansu kuwa, goshin Washington da itatuwan gangare da sararin samaniya, masu zane ne suka shimfiɗa da yawa daga cikinsa a kan yadin auduga. Fim ɗin, North by Northwest, ya fito a 1959, kuma har yau mai kallonsa yakan ji ƙafarsa ta yi sanyi don tsoron faɗowa daga dutsen da ake iya ninkewa a ajiye a sito.

Wannan ita ce sana'ar masu zanen labulen baya, wadda ta yi tashe a Hollywood daga shekarun 1930 zuwa na 1960. Labule ne na gaske, yadi ɗinkakke, sai dai girmansa ya wuce misali: ɗaya daga cikin na Rushmore faɗinsa ya kai ƙafa 90, tsayinsa kamar ƙafa 30. Ana rataye shi a bayan ginin da aka yi don fim, ya toshe duk inda ido zai leƙa, ta taga ko ta ƙofa ko ta saman katanga. Yana da ɗan'uwa da ake yawan rikita su, wato ƙaramin zanen da ake yi a kan gilashi ko allo, a haɗa shi da hoton jarumai daga baya. Da irinsa aka nuna Birnin Emerald daga nesa a The Wizard of Oz na 1939. Wancan, jarumi ba ya ganinsa sai ranar da ya shiga silima. Labule kuwa yana nan tsaye tare da 'yan wasa, kyamara ta kwashe su gaba ɗaya a lokaci guda. In ya yi kyau an gama, in ya ɓaci babu wani ɗaki da za a kai shi gyara.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan hoto a Kano ko Damagaram ko Kumasi ranar sallah, kafin wayar hannu ta karya kasuwar, ya san ƙanen wannan abu: labulen da aka zana wa jirgin sama, ko bene, ko lambu mai furanni, ka tsaya gabansa da sabon ɗinki a ɗauke ka. Amma can ba wanda ake ruɗa, kuma ba wanda ke nufin ruɗin. Kowa ya san jirgin na fenti ne, daɗinsa ma ke nan. Na Hollywood akasin haka aka ɗora masa. Mutane da yawa za su shafe makonni a kansa, buƙatarsu ɗaya ita ce kada ɗan kallo ko ɗaya ya lura da shi.

Me zai sa kamfanonin da ke zaune a Kalifoniya, inda rana ke fitowa kusan kullum, ga teku ga hamada ga duwatsu duk a kusa, su kulle kansu a ɗaki suna zana waje? Da farko dai sauti ne ya kora su ciki. Bayan fitowar The Jazz Singer a 1927 aka shiga zamanin fim mai magana, makirufon lokacin kuwa ba ya zaɓe: iska, kukan mota, jirgin da ke wucewa a sama, duk kwashewa yake. Aka gina manyan zauruka masu kaurin bango, babu taga, aka mayar da aiki cikinsu. Sai kuma Technicolor, tsarin fim mai launi da ya kankama a tsakiyar shekarun 1930. Kyamararsa raba haske take yi gida uku, don haka tana cin fitila ba kaɗan ba, har zafin zauren The Wizard of Oz yakan haura digiri 38. Mai ɗaukar hoto kuma ya fi son hasken da ke hannunsa a kan wanda gajimare zai zo ya sauya masa ana tsakiyar aiki. Amma wanda ya fi su duka nauyi shi ne lissafin kuɗi. A shekarun 1930 kamfanin MGM yana fitar da kusan fim ɗaya kowane mako. Faɗuwar rana ta gaskiya 'yan mintoci ce. Wadda aka zana tana nan daga Litinin har Asabar, a maimaita fitowa sau ashirin jan sararin bai gushe ba.

Sana'ar ta girmi fim. Daga gidajen wasan kwaikwayo na Turai ta taso, kuma Louis Daguerre, wanda sunansa ya shiga tarihi a 1839 saboda hanyar ɗaukar hoto da ya ƙirƙiro, asalinsa mai zanen labule ne a Faris. Georges Méliès, da ya gina ɗakin fim na gilashi a Montreuil a 1897, da launin toka iri-iri yake zana bangayensa, domin fim ɗin zamanin ba shi da amana a kan launi: ja ya fito baƙi, shuɗi ya fito fari-fari. A Indiya ma, Baburao Painter na Kolhapur labulen wasan dandali yake zanawa kafin ya kafa kamfanin fim. Sai dai abin da dandali ya yarda da shi, kyamara ba ta yarda ba. Mai kallon wasan dandali ya zo ne da niyyar a yi masa wasa, in an zana masa daji da manyan layuka da launi mai ƙarfi ya karɓa. Fim kuwa hoto ne, kuma mutum ya saba ɗaukar hoto a matsayin shaida. Jarumin gaskiya ne, kujerarsa ta gaskiya ce, hayaƙin sigarinsa na gaskiya ne; labulen da ke bayansa dole ya yi ƙarya mai nauyin waɗannan gaskiyoyin.

Mutumin da ya fi kowa gane haka shi ne George Gibson, haifaffen Edinburgh ta Sikotland a 1904. Ya koyi zane da aikin dandali a ƙasarsu, ya ƙaura Amurka a 1930, ya shiga MGM a 1934, kuma ya riƙe sashen zanen labule har 1969. Babban abin da ya yi wa sana'ar gini ne. Kafin shi, masu zane hawa suke yi kan katako da tsani, suna sama suna ƙasa da bokitin fenti a hannu. Gibson ya shawo kan kamfanin aka gina musu dogon gida na musamman a ƙarshen shekarun 1930, wanda aka tsaga daɓensa a gefen bango. A ɗaure yadi a jikin ƙaton firam, inji ya riƙa nutsar da shi cikin tsagar ko ya ɗago shi. Mai zane yana tsaye a daɓe, kayan aikinsa na kan teburi kusa da shi. In zai taɓa gajimare a sauko masa da sama daidai ƙirjinsa, in zai taɓa ciyawa a ɗago masa ƙasa. Abin da ya fi sauƙin jiki muhimmanci shi ne yanzu yana iya ja da baya ya dubi aikinsa daga nesa, abin da mai tsaye kan katako a sama ba zai gwada ba. Ginin yana nan har yau a harabar da ta koma hannun kamfanin Sony.

Aikin yakan fara ne da ƙaramin zane daga ofishin mai tsara wuraren fim, tare da hotunan wurin da ake so da bayanin inda kyamara za ta tsaya. A ɗinka yadin auduga dangin akoko, ƙyalle bayan ƙyalle, har ya kai girman da ake buƙata, a buga shi a firam, a shafe shi da ruwan sitaci ko na gam. Yana bushewa sai ya ɗame ya miƙe sumul. Daga nan a raba ƙaramin zanen gida-gida, a raba babban yadin haka nan da zare mai gari wanda ake ja a saki ya bar layi, sannan a kwafe abin da ke kowane gida da gawayi ɗaure a bakin sanda. Kuskure a nan ba shi da tsada, kaɗe shi ake yi da tsumma.

Fentin ne ke da hali. Ba na gwangwani ba ne, garin launi ne busasshe da ake damawa da ruwa da gam ɗin da aka dafa daga fatar dabba. Gam ɗin yana son ɗumi, in ya huce ya daskare, in ya kwana biyu cikin zafi ya yi wari. Aka jure masa saboda abu ɗaya: ba ya ƙyalli. Fentin mai yana mayar da haske, kuma sararin samaniyar da ke walƙiya ƙarƙashin fitilu ya tona asirin kansa. Illarsa kuwa, launin da ka gani a bokiti ba shi za ka gani a yadi ba. Yana bushewa yana yin haske sosai. Mai zane yana shafa launi mai duhu ne alhali a ransa yana ganin wanda zai fito bayan awa guda. Shi ya sa ake dama launukan duka tun kafin a fara, a gwada kowanne a kan ƙyalle a busar da shi, a jera bokitai daga mai duhu zuwa mai haske. Ɗan koyo yakan daɗe a wankin bokiti da buroshi da dama launi kafin a bar shi ya taɓa yadi, kuma ba wulaƙanci ba ne, a nan idonsa ke koyon wannan tazarar.

Da sama ake farawa, domin ita ce mafi nisa, kuma ita ce mafi wuya duk da kamar babu komai a cikinta. Shuɗin sama ba ɗaya ba ne: ya fi kauri a can ƙololuwa, yana sirancewa yana yin fari har ya kai inda ya haɗu da ƙasa. Wannan sauyin dole ya tafi babu gaɓa a faɗin ƙafa 90, da fentin da ke bushewa da sauri. Mutane da yawa ke jeruwa da injin feshi da manyan buroshi, firam na motsawa, kowa na haɗa jiƙaƙƙen gefensa da na maƙwabcinsa kafin ya bushe. Wanda ya yi jinkiri ya bar tabo, tabon kuma zai fito a allon silima ya fi mota girma. Bayan sama sai duwatsun nesa, sai na tsakiya, sai gine-gine da itatuwa, ana tahowa gaba sannu a hankali. Ƙa'idar gidan ita ce hannuwan nan duka su zama hannu ɗaya. A sauran fagagen zane ana yabon mutum ne in an gane aikinsa daga ganin bugun buroshinsa. A nan wanda aka gane inda ya tsaya da inda abokinsa ya ɗauka, ya ɓata aiki.

Duk wannan ƙarfin hannu ne da haƙuri. Inda gwanintar take shi ne sanin wanda ake yi wa zanen, kuma ba mutum ba ne. Mutum ido biyu gare shi, kansa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da waɗannan biyun yake auna nisa ko bai sani ba, shi ya sa ba ka iya ruɗinsa da bango mai zane in yana tsaye gabansa. Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma inda aka kafa ta nan take. Duk sana'ar a kan wannan raunin na kyamara aka gina ta, sai dai raunin yana da sharuɗɗa. Layin da sama ta haɗu da ƙasa a jikin labule dole ya zo daidai tsayin idon kyamara. In ya haura, sai ka ga kamar teku zai zubo cikin falo. In ya yi ƙasa, gidan ya zama kamar yana shawagi. Ɗakin da aka ce yana hawa na ashirin a New York, layin nan daidai idon kyamara zai kasance, amma rufin gidajen maƙwabta duk ƙarƙashinsa za a zana su, ana hango samansu. Layukan gine-ginen da aka zana kuma dole su nufi wurin da layukan ginin katako na gaske suka nufa, yadda titin da kafinta ya fara, mai zane zai ƙarasa shi ba a ga mahaɗa ba.

Matsala tana zuwa ne in kyamara ta motsa. A duniyar gaske, in ka gusa gefe, abin da ke kusa da kai yana gudu da sauri, na nesa kuwa da ƙyar yake motsi. A jikin labule, bishiyar da aka zana a kusa da dutsen da aka zana a nesa tare suke tafiya, tunda a yadi ɗaya suke. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗan kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya ɓaci ba, zai dai ji wurin ya mutu. Maganin da suka samo shi ne rabon aiki. Abin da ke kusa a gina shi, na tsakiya a yanka shi a katako ko a kafa reshen itace na gaske fanka na kaɗa shi, labule kuma a bar masa abin da ke can nesa, wanda dama ba ya motsi. A ja shi baya sosai don kada inuwar jarumi ta faɗa kan gajimare. A ɓoye gindinsa da ɗan tudu ko shinge. Ɗinkin yadin ma a kwance ake yinsa, a san yadda za a ɓatar da shi a bakin teku ko layin rufi.

Sai iska. Abin da ke nesa ba ƙanƙancewa kawai yake yi ba, launinsa ma yana sanyi. Tsakaninka da dutsen da ke nisan mil goma akwai ƙura da tururi da hazo, su ne ke wanke masa ja da kore su bar shi shuɗi-shuɗi, su cinye masa kaifin gefe, su rage tazarar haskensa da inuwarsa. Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kan wannan tun ƙarni biyar da suka wuce, amma a ganina ba a taɓa samun waɗanda abincinsu na kullum ya rataya a kansa kamar mutanen Gibson ba. Baƙin da ya fi kowane baƙi a dutsen nesa dole ya fi inuwar da ke kan rigar jarumi haske. Sabon shiga yakan so ya nuna iyawa, ya zana kowane ganye da kowane bulo, sai labulen ya taso gaba ya manne a ƙeyar jarumi. Gwani ya san kyamara za ta sa ido ne a kan fuska, abin da ke bayanta zai yi ɗan dishi-dishi, don haka yake zana abin da zai tsira daga wannan dishin: manyan siffofi, da daidaiton haske da duhu. In ka matsa kusa da irin wannan labule za ka sha mamaki. Tagogin bene 'yan dangwale ne na buroshi, kurmi kuwa tabon soso ne da yayyafin fenti. Ka ja da baya ƙafa arba'in sai gari ya tashi. Mutumin da ya yi shi a nisan hannu yake tsaye lokacin da yake dangwalawa.

Haske ma sai an yi shawara da mai ɗaukar hoto tun kafin a jiƙa buroshi. In fitilar da ke matsayin rana daga hagu za ta bugi jarumi, inuwar kowane gini a labule dama za ta faɗa, kuma tsawonta ya dace da lokacin da labari ya ce. Sannan fenti yana da iyaka: farin da ya fi kowane fari ba ya ba da haske, mayarwa kawai yake yi. Don haka suka koma ga dabarar da Daguerre ya yi suna da ita a gidan kallonsa na Faris, wanda ya buɗe a 1822, wato yadin da haske ke ratsawa. A zana gari da rana a gaban yadi da fenti marar kauri, a juya bayansa a toshe da baƙi ko'ina ban da tagogi da fitilun titi da ɗan jan da ya rage a sama. In an haska daga gaba, azahar ce. In an rage fitilun gaba aka kunna na baya, gari ɗaya ya koma na dare, tagogi na ci. Ruwan tafki kuma akan maƙala masa 'yan ƙyalƙyali da iska za ta riƙa motsawa, don ruwan da ba ya motsi ba ruwa ba ne. Hitchcock ya kai wannan wasa ƙarshe a Rope na 1948, fim ɗin da duk ya gudana a falo ɗaya daga yamma zuwa dare: bayan tagar an kewaye da birnin New York na zane da ƙananan gine-gine, da dubban ƙwayayen lantarki, da gizagizan da aka yi da zaren gilashi ana gusar da su duk lokacin da aka tsaya sauya fim a kyamara.

In ana neman inda sana'ar ta kai ƙoli, ni Black Narcissus na 1947 zan nuna, kodayake a Ingila aka yi shi. Labarin wasu mata masu hidimar coci ne da aka tura wani tsohon gida a kan tsaunukan Himalaya. Darakta Michael Powell ya ƙi zuwa Indiya. A Pinewood kusa da Landan aka yi kusan komai, aka ɗauki 'yan fitowar kurmi a lambun Leonardslee. Tsaunukan da ake gani ta tagogi hotuna ne baƙi da fari da aka faɗaɗa aka bi su da allin launi, ramin da ke ƙarƙashin ƙararrawar gidan kuma zanen W. Percy Day ne. Alfred Junge mai tsara wuraren da Jack Cardiff mai ɗaukar hoto duk sun sami Oscar. Tsaunukan gaske da sun yi abin da suka ga dama. Waɗannan kuwa launinsu yana bin halin da matan ke ciki, yana ƙara ja yayin da hankalin ɗayarsu ke gushewa.

A MGM, girma aka fi ji da shi. Don Brigadoon na 1954, da kamfanin ya hana zuwa Sikotland saboda kuɗi da yanayi, Gibson ya zana tuddan ƙasar haihuwarsa a labulen da ya kewaye zaure, tsawonsa wajen ƙafa 600, tsayinsa 60. Masu sharhi da yawa sun ce fim ɗin yana warin ɗaki, kuma akwai gaskiya a ciki: faffaɗan allon CinemaScope da doguwar rawar Gene Kelly suna ba ido lokacin da zai yi bincike. Amma ƙauyen da labari ya ce yini ɗaya yake bayyana a cikin shekara ɗari, ban ga laifi ba in samansa ta fi ta duniya kyau kaɗan. A ƙarshen aikin Gibson kuma, don The Shoes of the Fisherman na 1968, sashen nasa ya kwafi zanen Michelangelo na ɗakin ibadar Sistine, tunda ba a ba da izinin ɗaukar fim a na Vatican ba.

Inda aka karya ƙa'ida kuwa, ko Hitchcock bai tsira ba. A Marnie na 1964 akwai titin Baltimore da ƙaton jirgin ruwa na zane ya toshe ƙarshensa, kuma tun fitowar fim ɗin ake gardama ko ganganci ne ko sakaci. Ko wanne ne, dalilin da ya sa ido ke kama shi a fili yake: abin babba ne, yana kusa, yana tsakiya, kuma layukan titin duka kansa suke kai kallo. An ɗora wa labule aikin jarumi. Kwatanta shi da Singin' in the Rain na 1952, inda Gene Kelly ya ja Debbie Reynolds cikin zauren da ba kowa, ya kunna fitilu a kan labulen faɗuwar rana, ya tayar da fanka, ya ɗora ta a kan tsani. An nuna maka dabarar ƙiri-ƙiri, amma minti ɗaya da fara waƙa ka manta, domin idonka ya koma kan fuskoki, labulen ya koma aikinsa na baya.

Sunayen masu wannan aiki ba sa fitowa a allo. A MGM, yarjejeniyar Cedric Gibbons, shugaban sashen tsara wurare daga 1924 zuwa 1956, ta sa sunansa a kan finafinai kusan 1,500, ya kuma karɓi Oscar 11. Gibbons ba ɗan cin banza ba ne, shi ya kafa tsarin da salon gidan, amma ga masu buroshi abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cikinsu har da Ben Carré, Bafaranshen da ya zo Amurka a 1912, ya yi suna wajen tsara wurare a zamanin fim marar magana, shi ya zana ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na The Phantom of the Opera na 1925, sannan ya shafe kusan shekara talatin na ƙarshen aikinsa yana zanen labule a MGM ba suna.

Rushewar ta zo daga wurare da yawa. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ya raba kamfanoni da gidajen silimarsu, talabijin ta janye 'yan kallo, kyamarori suka yi sauƙin ɗauka, fim ya daina cin fitila kamar da, jirgin sama ya sa zuwa Rum ya fi zana ta araha. Manyan hotuna da ake bugawa a haska daga baya suka karɓe aikin tagogi. A 1970 MGM ya yi gwanjon kayansa, takalman Dorothy ta The Wizard of Oz suka tashi a dala 15,000, labulen kuwa ba wanda ya ɗauke su kayan tarihi. Wani kamfanin iyali, J.C. Backings, da John Harold Coakley da ɗansa suka kafa a 1962, shi ya tattara na kamfanin Fox da na MGM ya ci gaba da ba da hayarsu. A 2017, da kamfanin zai rage kaya, ƙungiyar masu tsara wuraren fim ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Thomas Walsh, ta ceto guda 207 ta raba wa gidajen tarihi da makarantu. Kaso mai yawa ya tafi Jami'ar Texas da ke Austin, inda Karen Maness, wadda ita da Richard Isackes suka wallafa littafi a kan sana'ar a 2016, take koyar da ɗalibai da su. Wani na Rushmore an rataye shi a gidan tarihin fim na Academy da aka buɗe a Los Angeles a 2021, ya ci tsayin hawa biyu.

Matsalar motsin kyamara da ta dami Gibson, injiniyoyi sun warware ta. Bangon allunan lantarki irin wanda aka yi The Mandalorian da shi a 2019 yana bin kyamara, kwamfuta na sake lissafa nisa da kusa duk inda ta juya. Amma wanda ke cika bangon da hoto har yanzu sai ya yanke shawarar da mai bokiti yake yankewa, ta yawan hazon da zai sa tsakanin jarumi da dutse da yawan abin da zai bari bai zana ba. Buroshin ma bai mutu ba, aikinsa ne ya juya. Da Greta Gerwig za ta yi Barbie na 2023, ta sa an zana mata sama da duwatsu da hannu a zaurukan Leavesden a Ingila, domin tana son ɗan kallo ya ga cewa zane ne, ya ji duniyar 'yar tsana ce da aka ƙera. Masu zanen sun yi amfani da dabarun da aka gada daga Culver City, sai dai a wannan karon umarnin da aka ba su shi ne su bar fentin ya nuna kansa.